Fasinjan da Ba Ya Wuce Ƙofar Tasha

Duk wanda ya saba hawa motar Minna daga Suleja ya san fuskar Malam Isiyaku, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan mai furfura tsilli-tsilli a gemu, da kaftani wankakke ya sha guga, wanda za ka tarar a kujera ta biyu gefen taga, ya rungume wata shuɗiyar jakar goyo a cinya, yana duba agogo kamar wanda ake jira a wani gari. Babu mai jiransa a ko'ina. Zaman nan shi ne sana'arsa.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai san tasha ba. Fasinja ba ya ƙaunar mota wayam. Da ya leƙa ya ga kujeru babu kowa, sai ya ja jakarsa ya nufi bakin titi, inda motocin hanya ke tsintar mutane ɗai-ɗai. Don haka 'yan tasha suke ajiye wasu mutane da ake kira 'yan zaman mota, su shiga su zauna kamar matafiya. Fasinja na gaskiya ya zo, ya ga saura kaɗan a cika, ya biya ya shiga. Shi kuma ɗan zama ɗaya ya sulale, wai zai kama ruwa ko zai sayo goro. A haka har mota ta cika da masu tafiya na gaske. Isiyaku ne ke fita a ƙarshe, don babu wanda ya kai shi kama da matafiyi. Idan fasinjan ƙarshe ya iso, sai ya miƙe da fara'a ya ce, "Bismillah, ga wuri," ya sauka, ya ja ƙofa, ya daki jikin motar sau biyu da tafin hannu. Da direba ya ji bugun nan sai ya taka.

Mutumin Funtuwa ne. Ya zo da ƙarfinsa yana leburanci a gine-ginen Abuja, yana haya a Kwamba, inda ɗaki ya fi sauƙi. Wata rana katakon da yake tsaye a kai ya karye da shi, ƙugunsa ya goce, aka ɗaure, ya warke a karkace. Daga nan buhun siminti ya fi ƙarfinsa. Yana zaune a bencin mai shayi a wata tasha da ke bakin hanyar Minna, bai san inda zai dosa ba, sai Fidelis, wanda ke kula da lodin motoci, ya tsaya yana ƙare masa kallo.

"Malam, kana da fuskan mutunci," in ji Fidelis da Hausarsa ta tasha. "Ka iya zama?"

Wa ya rasa iya zama? Isiyaku ya ɗauka na mako ɗaya ne, kafin ƙugun ya saki. Har 'yarsa Umaima, wadda aka haifa a shekarar, ta isa shiga sakandare, yana nan a kujera ta biyu.

Jakar kuwa tsintuwa ce. Akwai wasu samari da 'yan mata da ke zuwa daga Abuja, har daga Legas, da manyan jakunkuna a baya da gorar ruwa a rataye, su hau motar Minna su sauka a mahaɗar Bonu, don kawai su ga inda ruwan Gurara yake zubowa daga kan duwatsu. Ɗaya daga cikinsu ne ya yar da tasa da igiyarta ta tsinke. Isiyaku ya kai wa matarsa ta ɗinke, ya cusa tsummokara a ciki ta yi ɓul-ɓul. Tun daga nan sunansa ya ɓace a tasha, ya koma Mai Jaka. Yaran nan in sun gan shi da ita sai su zauna kusa da shi suna tambaya, Baba, ka san wurin? Shi kuwa ya zuba musu. Ya san inda ake sauka, ya san inda 'yan acaɓa ke jira, ya san dutsen da ke da santsi. Duk a bakin waɗanda suka je suka dawo ya tsinta. Ruwan ma ya san shi, a jikin wata tsohuwar kalanda da ke rumfar mai shayi, fari fat kamar auduga.

Abin haushin, tafiyar ba wata tafiya ba ce. Wanda ya tashi da hantsi zai je ya wuni ya dawo ya yi magariba a gida. Kuma alkawari ne a wuyansa. Ranar da ya ɗauko matarsa Fatsuma daga Funtuwa tana amarya, tana kuka a mota, da abin da ya lallashe ta ke nan. Ya ce mata kusa da garin da za su akwai kogin da ke faɗowa daga sama, zai kai ta ta gani da idonta. Ta share hawaye ta ce yaushe. Ya ce da damina.

Damina ta yi ta zuwa tana wucewa. Lahadi ranar ciniki ce, ba a barin tasha. Ranar aiki kuma in ka tashi, wani ya gaje kujerarka, don masu neman zaman sun fi kujerun yawa. Fatsuma ta yi tuni har ta gaji. Tela ce, tana da keken ɗinki na ƙafa a bakin ƙofar ɗakinsu a Kwamba, kuma keken nan ne ke riƙe da rabin gidan. Ba mafaɗaciya ba ce, amma in ta yi magana ɗaya sai ta kwana tana yi wa mutum ciwo. Ta taɓa ce masa, tana zura zare a allura ba ta ko ɗago ba, "Malam, duk Suleja babu wanda ya kai ka shiga mota." Ba ta ƙarasa ba, shi ma bai nemi ta ƙarasa ba.

Sai ga shi a bana mahaifiyarta ta kwanta ciwo a Funtuwa. Aka fara tura Umaima, sannan Fatsuma ta ce ita ma ranar Litinin za ta bi. Zuwa jinya babu wanda zai hana. Abin da ya hana Isiyaku sukuni shi ne keken. Ya gan ta ta kwance kan keken, ta shafe shi da mai, ta naɗe a tsohon zani.

"Da keken za ki?" ya tambaya.

"Ban yanke ba tukuna," ta ce.

Ya gane sarai. In ta bar keken, jinya za ta je ta dawo. In ta ɗauke shi, ta tafi ke nan, ba faɗa, ba saki, sai dai a riƙa gaisawa a waya har abin ya mutu da kansa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da ya faɗo daga gini. Da bakinsa ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Gobe Lahadi ki shirya. Za mu Gurara."

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta ce, "Allah ya kai mu."

Da safe ya zazzage tsummokaran jakar a tsakar ɗaki. Fatsuma ta sa dambu a kwano, da dafaffiyar gyaɗa, da ƙwai, da darduma, da gorar ruwa. Da ya saɓa ta a kafaɗa sai da ya yi tangaɗi, bai taɓa jin ta da nauyi ba. Ita kuma ta ɗauro atamfarta ta Sallah. A cikin keke napep har ta yi masa dariya, ta ce ya yi kama da yaran Legas ɗin nan, saura gajeren wando.

A tasha ya je gaban Fidelis ya biya kuɗin kujera biyu. Fidelis ya dubi kuɗin, ya dubi Fatsuma, ya cire hula ya gaishe ta, sannan ya ce, "Mai Jaka, yau kai ne kwastoma? To Allah ya kiyaye hanya." Suka shiga. Isiyaku ya ba ta gefen taga, wurinsa na kullum, ya zauna kusa da ita. A baya akwai abokan aikinsa biyu suna zaman mota, suna ƙunshe dariya.

Hantsi ya ɗaga. Wani mai tabarau ya zo da jaka, ya leƙo, idonsa ya sauka a kan Isiyaku, ya yi tsaki ya juya. Wata mata da goyo ta sa ƙafa ɗaya a ciki, ta gan shi, ta janye ƙafar. Da farko bai kawo komai ba, kullum ana samun irin waɗannan. Sai ga Hajiya Mardiyya, mai sarin doya da ke bin hanyar Lambata kusan kowane mako, mace mai murya kamar lasifika. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Ah to, ga Mai Jaka a ciki," ta ce, ta juya ga mutanen da ke bayanta. "Jama'a, kada ku wahalar da kanku. Muddin kun ga mutumin nan a zaune, motar nan ba yanzu ba. Yau har da mace suka ɗauko haya."

"Hajiya, wallahi tafiya zan yi," in ji Isiyaku. "Iyalina ce wannan."

"Kullum ma tafiya za ka yi. Bara ka ce mini Bida za ka gaisuwar mutuwa, har na yi maka ta'aziyya."

Aka kwashe da dariya, har da 'yan zaman da ke baya. Ta ja zugarta suka nufi bakin titi. Isiyaku bai iya duban matarsa ba. Fatsuma ta gyara mayafi ta mai da fuska ga taga. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ashe fuskar da ta daɗe tana cika motoci ta tsufa a aikin. Baƙo ne kawai take ruɗa yanzu, 'yan gari duk sun haddace ta. Kuma ranar, kamar da gayya, ba a ga ko ɗaya daga yaran nan masu jakar goyo ba.

Rana ta take. Motar ta zama tanda, ledar kujera tana manne wa mutum a baya. Fasinjojin gaskiyar da ke ciki ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, su ma sun fara ƙorafi a ba su kuɗinsu. Isiyaku ya san kowane tsagi na rufin motar nan, ya san warinta, amma bai taɓa jin ta matse shi kamar yau ba. Da, in ya gaji sai ya fita ya miƙe ƙafa. Yau in ya fita ya tabbatar da maganar Mardiyya.

Fatsuma ta yi magana a hankali. "Malam, mu ma mu je bakin titin mana."

Ina. Ɗan tasha ba ya hawa motar hanya. Tsakaninsu da direbobin nan gaba ce ta shekaru, su ne masu kwashe musu fasinja. In aka gan shi a cikin ɗaya, gobe ba shi da kujera, kuma su kansu direbobin sun san shi, ba za su tsaya masa ba. Ya yi mata bayani. Ta ce, "To," ta koma ga tagarta.

Bayan an yi azahar Fidelis ya zo ya raɓa bakinsa a ƙofa. Shi ma ransa a ɓace yake, amma da lallashi ya yi magana.

"Mai Jaka, abeg, ka taimake ni ka taimaki kanka. Sauka ka ɓoye a bayan rumfan mai shayi. Madam ta riƙe maka wuri. In mota ya cika ka zo ka shiga, shi ke nan."

Wato yau aikinsa ya juye, sai ya ɓace mota za ta cika. Ya sauka yana ɗingishi, ya bar jakar a kan kujera. Ya tsaya a bayan rumfar, daidai inda kalandar nan take rataye, yana leƙe ta tsakanin buhunan da aka yi katanga da su. Abin takaici, dabarar ta ci. Mutane suka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. 'Yan zaman biyu suka sulale. Ya hango Fatsuma ta ɗauke jakar ta ɗora a cinya don wani ya samu ya wuce baya. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, direba ya tayar da inji. Zuciyar Isiyaku ta yi fari, ya fito da sauri iya yadda ƙugu ya bar shi.

Yana isa bakin ƙofa sai ga wata tsohuwa ta iso tana haki, da ƙullin kaya a kafaɗa, tana neman inda za ta dafa. Kujera ɗaya ce ta rage a motar. Abin da ya biyo baya, Isiyaku ya sha juya shi a ransa bai gano inda hankalinsa ya tafi ba. Ga mota cike, ga inji na ruri, ga fasinjan ƙarshe a bakin ƙofa. Ya karɓi ƙullin, ya tallafi gwiwar hannunta, ya ji bakinsa yana cewa, "Bismillah, Mama, ga wuri." Ya ja ƙofa. Ya daki motar sau biyu.

Direba ya taka.

Sai da motar ta kai ƙofar tasha ya ga fuskar Fatsuma a taga, ta juyo tana kallonsa, shuɗiyar jakar a ƙirjinta. Da ta buɗe baki ta ce a tsaya, da an tsaya. Ba ta buɗe ba. Ya ɗaga ƙafa zai bi, ƙugun ya ce bai san zancen ba. Motar ta hau titi ta shige tsakanin tireloli.

Babu wanda ya yi dariya a tashar, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ya lalubo waya ya kira ta. Ta ɗauka.

"Fatsuma, ki ce ya tsaya. Ki sauka a nan, ina zuwa."

"Ba zan sauka ba, Malam," ta ce, muryarta a kwance. "Na daɗe ina jiran motar nan ta tashi. Ka biyo ta gaba. Zan jira ka a bakin ruwan."

Ta gaba tana nan an jawo ta layi, babu kowa a ciki. Isiyaku ya shiga ya zauna, shi kaɗai. Fidelis ya leƙo ya gan shi, ya tafi. Ruwa ya tsuge. Fasinjan da ruwan bai kora ba, fuskar Mai Jaka ta kore shi. Ya sauka ya koma bayan rumfa, aka samu mutum biyu suka shiga, suka gaji suka fita. Ya dawo ya zauna. La'asar ta yi, ya yi salla a rumfar direbobi, ya dawo ya zauna. Ya kira ta, wayar ba ta shiga. Ruwan sama yana gangarowa a gilashi, yana kallonsa, yana jin yunwa, ga dambun ya tafi Gurara.

Gab da magariba wata mota ta shigo daga Minna. Fatsuma ta sauko da jakar a bayanta, ta zura hannu biyu a igiyoyin kamar yadda yaran suke yi. Gefen atamfarta ya jiƙe, takalminta duk jan laka. Ba ta nemi inda yake ba, kai tsaye ta nufo motar da ke layi, kujera ta biyu. Ta tsaya a waje ta gefen taga.

"Na jira ka har masu gadin wurin suka ce a tashi," ta ce.

"Motar ce ba ta cika ba."

"Na sani." Ta sauke jakar ta miƙa masa ta tagar. "Ba fari ba ne, Malam. Ja ne, kamar kunun kanwa. Wai sai da rani yake fari. Kuma ƙara gare shi, ko kusa da mutum kake ba ka jin abin da yake faɗa. Ban taɓa ganin abu mai tafiya irinsa ba. Na zauna a kan dutse na yi kuka, ban san dalili ba."

Ya buɗe jakar don hannunsa ya samu abin yi. Ta ci rabin dambun, ta rufe masa rabi.

"Da rani sai mu koma tare," ya ce. "In ya yi farin."

Ta kakkaɓe lakar takalminta a jikin taya, ta ce su tafi gida, akwai sauran haɗa kaya.

Washegari da sassafe ya rako ta layin motocin Funtuwa. Keken ɗinkin yana cikin kayan. Shi da kansa ya cicciɓi kan keken, naɗe a tsohon zanin, ya sa a but, ya kewaye shi da buhuna don kada ya bugu a hanya. Ta shiga ta zauna. Motar saura mutum uku, kujerar kusa da ita babu kowa. Ya dafa ƙofa zai shiga ya taya ta jira.

"A'a, Malam," ta ce, ba da faɗa ba. "Kada ka zauna. Ina so ta tashi da wuri."

Ya koma gefe ya tsaya inda masu zuwa ba za su gan shi ba. Ba a jima ba ta cika. Ɗan kamasho ya ja ƙofa, ya waiwayo ya hango shi.

"Mai Jaka, kana kusa, buga mana ita."

Isiyaku ya matso. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin motar, daidai ƙarƙashin tagar da take zaune, ya bar shi a nan. Ƙarfen da sanyi. Direba ya leƙo ta madubi yana jira. Sannan ya buga, sau biyu.

Da motar ta fice, ya ɗauki jakarsa ya koma layin Minna. Ya manta bai mayar da tsummokaran ba, jakar ta lanƙwashe a cinyarsa, sai kwanon dambu ke ƙara a ciki. Wani saurayi da ƙatuwar jaka a baya ya leƙo, ya ga dattijo mai fuskar mutunci, ya shigo ya zauna kusa da shi.

"Baba, don Allah ka san Gurara?"

Isiyaku ya dubi ƙofar tasha.

"Matata ta je," ya ce. "Ta ce ja ne."